Kwana Uku da Kajin Maman Adaora

Ina tsaye a ƙofar gida da tsintsiya a hannu Badruddeen mai shayi ya wuce ni da kiret biyu na ƙwai babu komai a ciki, ya nufi gidan Nkoli. Bai ma yi ƙoƙarin ɓoye su ba. Ya ɗaga min hannu ya ce, "Maman Mariya, an tashi lafiya? Ya sanyi?" Na ce lafiya lau. Shekara tara mutumin nan yana karɓar ƙwai a hannuna, tun teburinsa yana da ƙafa uku da bulo ɗaya. Na bi shi da ido har ya shige, na ci gaba da share wurin da na riga na share. Da ya fito ƙwai ya cika kiret ɗin, manya-manya, jajaye, ko ɗigon kashi babu a jikinsu. Na san sunan abin da na ji, ƙyashi ne.

Sunana Suwaiba. A layinmu na unguwar Congo-Russia, idan aka ce ƙwai, gidana ake nufi, haka abin yake tun Mariya tana goye. Kajina sittin ne da 'yan kai, a tsohon kicin na bayan gida, da rana in buɗe musu su zaga tsakar gida su yi tone-tonensu. Ban taɓa zama a gaban wani malamin kaji ba. A wurin mahaifiyata na koya, ita ma a wurin tata, kuma ban ga abin da ya rage mu da shi ba.

Nkoli kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu. A nan Jos aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan uwana gudu, sai dai idan ranta ya ɓaci takan ce wa mace "kai". Muna kiranta Maman Adaora. Shekara huɗu da suka wuce mijinta Alphonsus, mai sayar da kayan gyaran babur, ya faɗi a shago bai tashi ba. Bayan an gama zaman makoki danginsa suka watse, ta zauna a ɗaki ba ta ci ba ta sha, kullum labule a sake. Ni na gaji da ganin labulen nan. Na kamo 'yan matan kaji goma da suka kusa fara ƙwai, na ɗaure musu ƙafa, na shiga na zube mata su a tsakar gida. Na ce, "Ga su nan. In ba ki tashi kin ba su ruwa ba, alhakinsu a wuyanki." Ta yi dariya tana kuka, ta tashi ta nemo kwano. Ni na nuna mata yadda ake gane kaza mai ƙwai da yatsu biyu a ƙarƙashin jela, ni na nuna mata yadda ake gauraya dusa. Maigidana Gwadabe, da yake a kasuwar Katako yake sana'ar katako, duk sati sai ya ɗauro mata buhun dusar katako ta shimfiɗa musu, kamar yadda yake kawo min.

To, ashe na tayar da wadda za ta sha gabana ne. Wata mata a cocinsu, Dakta Dina, likitar dabbobi, ta fara tara mata ranar Asabar tana koya musu kiwo, Nkoli ta zama 'yar gaban goshinta. Ta kwashe tarkacen babura daga siton Alphonsus, ta fasa bango ta sa tagogin waya, ta zuba 'yan tsaki ɗari biyu. Na ce a raina za ta gani, Jos ce, sanyi zai kwashe mata rabi. Biyar kawai suka mutu. Da suka fara ƙwai, tun daga tsakar gidana nake jin hayaniyarsu da hantsi, kamar ana cin kasuwa, nawa kuwa ɗaya ta yi kuka nan, ɗaya ta yi can.

Abin da ya fara ɓata min rai da ita shi ne baho. Ranar da na shiga in ga sababbin kajin, na nufi ƙofar ɗakin kai tsaye, sai ta tare ni da hannu biyu. A bakin ƙofar akwai wani baho mai faɗi da ruwa fari-fari mai warin asibiti, gefensa dogayen takalman roba da wata tsohuwar riga a rataye.

Ta ce, "Maman Mariya, abeg, kar ki ji haushi. Ba a shiga da takalmin waje. Ki cire naki, ki sa wannan, ki taka cikin ruwa, sannan ki shiga."

Na ce, "Ƙafata ce mai cuta?"

Ta ce, "Haba, ba ke ba. Kowa da kowa ne, har ni. Dakta ta ce ciwon kaji a ƙafa yake tafiya."

Na ce bar shi, na gan su ta taga, Allah ya sa albarka. Na koma gida raina a jagule. Matar da na koya wa riƙe kaza ce yau take nuna min inda zan taka. Daga ranar ban sake neman shiga ba, kuma na fara raya wa kaina cewa bahon nan shinge ne kawai, akwai abin da take ba su wanda ba ta so in gani.

Bayan Badruddeen ya koma wurinta, masu sayen biyu-biyu da uku-uku ma suka fara bin sa. Wata rana na tare shi na tambaye shi laifina. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi babu laifi, Maman Mariya. Naki wata rana akwai, wata rana babu, ni kuma masu indomi ba sa jin uzuri." Na yi dariya na ce gaskiya ne. Da na shiga gida sai da na zazzaga wa kajina masifa kamar suna jin Hausa. Gwadabe yana alwala ya ce, "Ki je ki tambaye ta mana yadda take yi." Na ce in tambayi wa? Ya ga idona, ya ci gaba da alwalarsa.

A watan Agusta ruwa ya yi kwana shida bai ɗauke ba. Rufin tsohon kicin ɗina yana zuba, shimfiɗar kajin ta jiƙe ta yi ɗoyi. Da safe na tarar da ɗaya a takure, fuka-fuki a sake, tana kashi ruwa-ruwa mai launin ɗorawa. Kafin azahar ta mutu. Washegari biyu suka bi ta. Na haƙa rami a bayan banɗaki na binne su da kaina, na jiƙa wa sauran ɓawon maɗaci da barkono, na fasa musu kafso ja-da-yalo a ruwa. Kajina tsofaffin hannu ne, sun saba da wahala, bayan 'yan kwanaki suka miƙe suka ci gaba da tone-tone. Na ja wa Gwadabe kunne kada ya faɗa wa kowa. 'Yan cinikin da suka rage min, idan suka ji kalmar ciwo, su ma katangar za su zagaya.

Sati ɗaya bayan haka Nkoli ta yi sallama da yamma, ta zauna a kan turmina kamar yadda ta saba. Adaora ta gama jami'a a Makurɗi, za a yi musu bikin yaye ɗalibai, tana so ta je ta ga 'yarta cikin doguwar rigar nan, tunda uban bai ga ranar ba. Kwana uku za ta yi.

Ta ce, "Ba ni da wanda zan bar wa kaji sai ke. Duk layin nan wa ya san kaza kamar ke?"

Maganar ta yi min daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce babu komai, ta je ta dawo lafiya.

Sai ta ɗan rage murya ta ce, "Amma naki suna lafiya ko? Ruwan nan ya yi yawa. In akwai ko guda ɗaya da yake mura, ki faɗa min, zan nemi wani hanya."

Muna zaune, ramin da na binne ukun bai fi taku goma daga turmin ba. Na dube ta. Na ga idan na faɗa, ni ce wadda kajinta ke mutuwa a gaban wadda nata ke cika kiret, kuma gobe Dakta Dina za ta shigo min gida tana toshe hanci. Na ce, "Garau suke. Kajina ba su san ciwo ba."

Ta ce, "Ehen, na gode wa Allah." Ta ja ni gidanta ta sake nuna min komai, tun daga yadda ake taka ruwan bahon har inda ake rataye rigar. Ta auna min abincinsu da wani gwangwani, safe da yamma, ta nuna min yadda take wanke mazubin ruwa da soso. Ina tsaye ina cewa to, to, kamar sabuwar 'yar aiki. Da asuba ta miƙo min makulli ta kan katanga ta tafi tasha.

Ranar farko na bi ƙa'ida. Na cire silifas ɗina, na zura ƙafa cikin takalman nan masu sanyi, na taka ruwan, na tura ƙofa. Wallahi sai da na tsaya. Kaji kusan ɗari biyu jajaye, tukkayensu jawur, duk girma ɗaya, suka taso min suna lilo da wuya. Shimfiɗar a bushe, har tana ƙamshin katako, kuma dusar da maigidana ya ɗauro ce, irin wadda take ruɓewa a nawa ɗakin. A akwatunan da ke jikin bango ƙwai ne kwance uku-uku, huɗu-huɗu, wasu da ɗuminsu. Na tsinta har bayana ya gaji. A rayuwata ban taɓa tsintar ƙwai na gaji ba sai ranar, kuma ba nawa ba ne.

Da na gama na rufo ƙofa daga ciki na fara bincike. Na zura hannu cikin buhun abincin har gwiwar hannu, na shaƙa, na ɗanɗana, irin wanda ake sayarwa a kowane shago ne. Na leƙa saman katakon rufi, na duba bayan akwatuna, na tona shimfiɗar a kusurwa huɗu. Na buɗe wata leda da na gani a rataye, sai na tarar da soso da sabulu. Babu laya, babu ƙullin magani, babu wani garin sirri. Da na tarar da wani abu da hankalina ya kwanta, in ce dama na faɗa. Abin da na tarar shi ne rufin da ba ya zuba, da ruwa mai tsabta, da mace mai yin abu a kan lokaci. Wannan ya fi komai ƙona min rai, domin babu wanda ya hana ni yin haka.

Da hantsi Badruddeen ya zo karɓar ƙwai, ya gan ni a bakin ƙofa da rigar Nkoli da takalmanta. Ya yi dariya har da dafa bango.

Ya ce, "Kai, Maman Mariya, an shiga makaranta ke nan? Madalla. Ki dage, in kin fito da sakamako mai kyau mu dawo." Ya ɗaga ƙwai ɗaya ya juya shi a rana ya ce, "Kin gani ko? Ƙwai ke nan."

Wasa yake yi, na sani, tsakaninmu akwai wasa tun da daɗewa. Na yi masa dariya na ce Allah ya shirye shi. Amma da ya tafi na tuɓe rigar na yi jifa da ita kan igiya, takalman ma ƙafa ɗaya ta faɗi gabas, ɗaya yamma. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Washegari na fara da nawa kajin. Na kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗar da ta rage a lungu, na share, na zuba musu dusa. Daga nan na ɗauki makulli na zagaya gidan Nkoli da silifas ɗin da ke ƙafata, ƙasansu duk kashin kaji. Na tsaya a gaban bahon. Takalman suna nan inda na cire su jiya da yamma.

Nan ne wurin da nake so in faɗi gaskiya, domin na daɗe ina gyara wa kaina labarin. Ban tafi da niyyar kashe mata kaji ba, Allah shaida ne. Amma ba zan ce na manta ba. Na dubi silifas ɗina, na tuna ukun da na binne, na tuna abin da ta ce game da ƙafa. Sai wata zuciya ta ce min, ai duk iyayi ne, shekara nawa kina kiwo babu baho? Wata kuma can ƙasa, wadda ba na son tunawa, ta ce, in ma gaskiya ne, su ma su ɗanɗana mana, a ga ko ita ba mutum ba ce. Na ɗaga ƙafa na tsallake bahon na shiga.

Na ba su abinci daidai gwangwani, na wanke mazubin ruwa da soso, na tsinci ƙwai. Babu wanda zai ce ban kula da su ba. Na zaga ɗakin nan lungu-lungu da silifas ɗina, kajin suna bin sawuna suna tsattsaga. Da yamma na sake, washegari ma safe da yamma. Tunda na tsallake sau ɗaya, sauran ba su yi min nauyi ba. Kafin ta dawo na jera takalman a gefen baho, na rataye rigar a ƙusarta.

Ta dawo da doya uku manya da buhun lemu, ta shigo tana nuna min hotunan Adaora a waya, yarinyar ta yi kyau da hular nan mai tunku. Ta riga ta leƙa kajin. Ta rungume ni ta ce, "Chai, Maman Mariya, kamar ban tafi ba! Allah ya biya ki." Na ce amin. Muka ci doyar har kwana huɗu, kuma na fara cewa a raina, ka gani, dama iyayi ne.

A kwana na biyar hayaniyar hantsi ta ragu. Ni da na saba jin ta kamar ƙaya a kunne, ni na fara lura. A na shida na ji Nkoli tana waya da ƙarfi a tsakar gidanta, rabi Turanci rabi Hausa, tana cewa bakwai ta tsinta da safe. Kafin la'asar ƙaramar motar Dakta Dina ta tsaya a ƙofarta. Na ɗauki wanki na koma gindin katanga, inda ake jin komai.

Dakta ta ce, "Madam, wannan daga waje ya shigo. Wa ya shiga ɗakin nan cikin sati biyu?"

Nkoli ta ce, "Babu kowa sai sista na na gidan nan, da na yi tafiya."

"Tana da kaji?"

"Tana da su, amma lafiyarsu ƙalau, na tambaye ta da bakina. Kuma ita ta koya min kiwo, Dakta, ta fi ni sani. Ba ita ba ne. Ni ne. A tashar Makurɗi an sa kwandon kaji kusa da ƙafana a mota, da na dawo ina ɗoki, wataƙila ban taka ruwan da kyau ba."

Rigar Gwadabe tana hannuna, na matse ta har ruwan ya ƙare ina ci gaba da matsewa. Katangar ba ta kai tsayina da rabi ba. Da na ɗaga murya kaɗan da sun ji ni. Na tsoma rigar cikin ruwa na sake wanke ta.

An yi allura, an zuba magani a ruwa, ciwon bai saurara ba. Kajinta ba su taɓa haɗuwa da irinsa ba, ya bi su kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Kullum da safe sai in ji ƙarar baro, daga baya hayaƙin ƙona matattun kaji ya taso daga bayan gidanta da ƙaurin gashi, ya shigo min har ɗaki ya kama labule. Cikin kwana goma sha biyu, abin da ya rage bai kai arba'in ba, su ma sun daina ƙwai, kuma Dakta ta ce ko sun warke ciwon yana jikinsu, a kawar da su a bar ɗakin ya huta wata uku. Ta kan katanga Nkoli ta kira ni ta ce kada in shigo gidanta, kada Mariya ta shigo, kada ma Gwadabe ya kawo dusa, don kada mu kwasa mu kai wa nawa. Na ce to, Allah ya mayar da alheri.

Masu saye suka dawo. Badruddeen ne ya fara zuwa, yana sunkuyar da kai, ya ce Maman Adaora ce ta ce ya zo wurina. Abin kunyar da zan faɗa shi ne, lokacin da nake jera masa ƙwai, na ji daɗi. Daɗi na gaske, mai ɗumi, har cikin ciki, wanda na yi shekara biyu ina jira. Bai kai minti ɗaya ba iska ta kaɗo ƙaurin nan daga bayan katanga, daɗin ya gushe, na miƙa masa kiret ɗin ina kawar da kai. Daga ranar duk wanda ya yi sallama ya ce a ba shi ƙwai, sai gabana ya faɗi.

Gwadabe bai ce min komai ba tsawon kwanakin nan. Wata safiya yana ɗaura agogo zai fita, ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Jiya na hango Maman Adaora tana wanke ɗakin ita kaɗai. Ta rame." Ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Har yanzu kanta take zagi." Ya fita.

Na sa mayafi. Ana yayyafi, layin duk taɓo. Ƙofarta a buɗe take, na hango ta a tsakar gida da bokiti da burushi, ta ɗaure kai da wani tsohon ɗankwali, idanunta sun faɗa. Ina sa ƙafa a kan katakon da aka gitta a kwata ta ɗago hannu.

"Tsaya nan, Maman Mariya! Kar ki shigo. Ciwon yana ƙasa har yanzu."

Na tsaya a wancan gefen kwatar. Ta ajiye burushin ta zo bakin ƙofa tana goge hannu a zane, har tana ƙoƙarin yi min murmushi. Na shirya magana mai tsawo tun daga gida, da dalilai, da ruwan Agusta, da rufin da ke zuba. Duk ta gudu.

Na ce, "Maman Adaora, ba tashar Makurɗi ba ce. Ni ce. Ranar da kika tambaye ni, kajina sun yi ciwo, na ɓoye miki. Kuma rana ɗaya kawai na sa takalman. Sauran da silifas ɗina na shiga."

Ba ta yi ihu ba. Na so a ce ta yi. Ta dubi ƙafata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago.

Ta ce, "Guda nawa ya mutu miki?"

Na ce, "Uku."

"Uku," ta maimaita. Ta gyaɗa kai a hankali. "Kin manta ne, ko kin ga baho kin wuce?"

Nan ma ƙofa ta buɗe min, da na ce mantawa na yi da ta karɓa, na ga haka a fuskarta. Na ce, "Na gani. Ƙyashinki nake ji, tun da daɗewa."

Ta jingina da ƙyauren. Yayyafin yana sauka a kafaɗarta ba ta kula ba.

Ta ce, "Kai, Suwaiba." Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Da ka faɗa min, da na fasa zuwa Makurɗi ma. Da na kawo maka Dakta ta duba naka kyauta. Kullum ina so in ce ka zo mu gyara ɗakin naka tare, ina jin kunya, don kai ne babba na a wannan aiki."

Na ce ta yafe min. Na ce zan ba ta rabin kajina, zan yi duk abin da ta ce. Ta girgiza kai.

Ta ce, "Naki suna ɗauke da shi, ba za su shigo nan ba." Ta share fuskarta da bakin zane, ban sani ba ko ruwan sama ne. "Je ki gida. Ki wanke ƙafa da sabulu kafin ki shiga wurinsu, kin tsaya kusa da ƙofa na."

Ta ja ƙyauren ta rufe a hankali, na ji ta zura sakata. Shekara goma sha biyar muna maƙwabtaka, ban taɓa jin ƙarar sakatar gidan nan da rana ba.